Kifayen da Suka Daina Gudu

Sixten Wikander ya tsufa a aikin injiniya a matatar ruwan ƙazanta ta garinsu, a bakin wani tafki da ke tsakiyar Suwidin. Abin da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ragowar magani. Duk ƙwayar kwantar da hankali da aka haɗiya a gidan tsofaffi ko a asibiti, wani sashe nata yakan fita ta fitsari, ya ratsa matatar bai canja ba, ya faɗa tafki. Don haka ya gina wani dogon kwatami mai rufin gilashi, ya shafe cikinsa da wata farar hoda wadda idan hasken rana ya sauka a kanta takan farfasa maganin har ya zama ba komai ba. Duk tsawon bazara, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa, sun yi ta gwaji, na'urar auna ruwa ba ta ga ko ɗigon magani ba.

Aka tsayar da ranar buɗewa cikin kaka. A ranar za a rufe tsohon bututu, a juya ruwan gari ya bi ta kwatamin, kuma bisa al'ada mai aikin zai sha kofi guda na ruwan a gaban jama'a.

Da hantsin ranar buɗewar, Gunvor, matar da ke kula da kifayen gwaji, ta leƙo ofishinsa ta ce ya ajiye burodin kirfar nan ya zo ya ga 'ya'yansa. Kifayen suna cikin wani babban akwatin gilashi da ake cikawa da ruwan kwatamin. Ta ɗauko gunkin katako da aka sassaƙa da siffar babban kifin da ke cin su a tafki, wanda da shi ake auna tsoronsu, ta tsoma. A watan jiya da sun watse kamar an watsa tsakuwa. Yau kuwa sai suka taso a hankali, suka kewaye shi, wani ma ya shiga cikin buɗaɗɗen bakin ya tsaya. Sixten ya sa hannunsa cikin ruwan. Ɗaya ya zo ya kwanta a tafinsa, sanyi ƙalau, yana kallonsa.

"Na'urarka fa ta ce ba komai, dattijo," in ji Gunvor. "Ko dai ba wanda ya gaya wa kifayen?"

Ya riga ya gane. Ya dubi taga: rana na rarrafe a bayan itatuwa kamar marar lafiya. Duk gwajinsu da hasken bazara suka yi shi. Da wannan guntun haske, hodar ba ta ƙarasa aikinta, sai dai ta karya maganin gida biyu. Ita kuwa na'ura sunan maganin take nema, abin da ya karye kuma ba shi da suna a wurinta. Ya tambayi Gunvor ko kifayen da ke cikin ruwan tsohon bututu sun taɓa kaiwa haka. Ta ce a'a, waɗancan sukan ɗan ja da baya tukuna. Ke nan karyayyen maganin ya fi cikakken illa.

Sixten mutum ne mai gudun fitar da kansa daban. A garinsu magana takan yi ta zagaye teburin shan kofi har kowa ya yarda, in kuwa an yarda, mutum ɗaya ba ya tashi ya warware ta. Ga shi kuma baɗi zai yi ritaya, kwatamin nan shi ne kaɗai abin da zai bari.

Da azahar kansiloli suka taru a bakin ruwa cikin rigunan sanyi. Shugabarsu, Solveig Ekwall, ta yi ɗan jawabi, ta cika kofin gilashi, ta miƙa masa. Ruwan garau yake, ba wari, ba launi. Ta ce cikin raha ya shanye duka, ko Allah ya sa ya yi murmushi sau ɗaya kafin ya bar aiki. Aka yi dariya kaɗan.

Ya riƙe kofin. Abin da ya tayar masa da tsigar jiki shi ne yadda ransa ya so ya sha. Ya san abin da ke ciki bai kai ya taɓa mutum ba, amma duk da haka maƙogwaronsa ya yi kwaɗayin irin natsuwar da ya gani a idon kifin nan.

Ya durƙusa ya ajiye kofin a ƙasa.

"Solveig, ba za a buɗe yau ba. Ruwan bai wanku ba. Ban san abin da ke cikinsa ba."

Ba wanda ya yi musu, ba wanda ya tambayi dalili. Suka tsaya suna kallon takalmansu. Can Solveig ta ce, cikin murya mai laushi, za a sa batun a zama na gaba, kuma tunda an riga an dafa kofi, kowa ya shiga ciki. Suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na kauce masa da ido.

Shi kaɗai ya rage. Ya taka zuwa bakin tsohon bututu, wanda saboda maganarsa zai ci gaba da zuba har rana ta dawo, watanni masu yawa nan gaba. Ruwa na fita da ɗuminsa, tururi na tashi. Wani zalɓe yana tsaye a ciki, kifaye sun yi cincirindo a ƙafafunsa. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya ya haɗiye. Sauran suka ɗan ja da baya, kamar taku guda, sannan suka dawo suka cike gurbin.