Ɗaukaka Ƙarar Munzir

Ƙafar kujerar robar ta ɓalle, Munzir ya zube a ƙasan ofishin inshorar. Kafin matarsa Ra'ida ta sunkuya, ta ji ma'aikacin da ke bayan gilashi ya tuntsire da dariya.

Da sassafe suka baro garinsu Zarƙa. Likita ya ce in Munzir bai rage jiki ba, zuciyarsa ba za ta kai shi baɗi ba, ya rubuta masa allurar rage ƙiba. Kamfanin ya ce wannan kwalliya ce, ba jinya ba. Shi ne suka zo Amman, babban birni, ɗaukaka ƙara, mutumin da ya tsufa yana jan tirela bai taɓa roƙon kowa ba.

"Baba, ai ba sai kwamiti ya zauna ba," in ji ma'aikacin. "Ka rage cin mansaf, shinkafa da naman nan, kujerunmu ma su huta."

Munzir ya dafa bango ya miƙe, ƙafar kujerar na hannunsa. Ra'ida ta riƙe masa riga, ta kira shi da alkunyarsa.

"Abu Laith, don girman Allah, mu tafi."

Duka ɗaya Munzir ya kai da ƙafar kujerar, gilashin ya tarwatse. Ya zura hannu ya shaƙo ma'aikacin, ya buga fuskarsa da teburin kanta har jini ya wanke takardu. Masu gadi suka afko. Ɗaya ya sheme shi da kulki a ƙeya, suka kifar da shi kan fasassun gilasai, suka murɗe hannayensa, wani ya dasa masa gwiwa a gadon baya.

Ra'ida ta yi ta gaya musu ba ya iya kwanciya rubda ciki, ko barci a zaune yake yi. Wani ya mangare ta, leɓenta ya fashe. Munzir ya yi ta shure-shure, takalminsa ɗaya ya fita. Can ƙafafun suka daina motsi. Mai gwiwar bai ɗaga ba.

* * *

A asibiti ɗan sanda ya tambayi likita me za a rubuta. Likitan ya dubi gawar, ya dubi masu gadin da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce ƙiba ce, ai muguwar cuta ce.

Ra'ida ta ja kujera kusa da gadon, ta shiga tsince wa Munzir ɓarɓashin gilashi daga gemu.