Giram Ɗari Biyu

...su ne, kuma sun san su ne. Masu zama a saman bene cikin sanyin na'ura, waɗanda ba su taɓa ɗaga jaririn da ya kwana uku yana zawo ba, su ne za su ɗauke garin kunun da ake ba ramammun yara daga wannan ƙaramin asibitin. Ƙarfe goma za a sa hannu. Yanzu tara da rabi, Anti Sikeli na zaune a bencin ƙofar ɗakin taro, littafin ƙididdiga na 'yarta ta jami'a a kan cinya, ranta na tafarfasa.

Shekara ashirin da biyu tana awon jarirai. Kowace lamba a rajistar nan hannunta ne. Sai ga wani mai tabarau, da takalmi mai ƙara, ya kwashe rajistocin ya zuba wa kwamfuta, ya fito da hoto: watannin yaro a kwance, nauyinsa a tsaye, ɗigo-ɗigo kamar ƙudaje sun ɓata allo. Ya ja layi ta tsakiyarsu. Wai layin ya ce yaran unguwar nan suna girma lafiya lau, a kai garin wani wuri. Layi! Layi ya taɓa jin wuyan yaro yana lanƙwashewa a tafin hannunsa?

"Anti, ba ni na faɗa ba, alƙaluma ne," in ji mai tabarau ran nan.

Anti a bakinka. Da wa ka sha nono a gidanmu?

Yana zaton ba za ta gane ba. Ita da ta koya wa kanta karanta takardar magani, ita da ke gyara sikeli da bayan cokali in ya ƙi, wai lissafi ne zai tsorata ta? Mako biyu ta yi da littafin nan, tana bin layi da yatsa. To me ke ciki? Matsakaici — ka tara ka raba, shi ke nan abin da ake sa musu hula mai jela a kansa? Tagwayen matar mai gyaran takalmi, ɗaya kamar tulu, ɗaya kamar tsinke, ka tara ka raba, duka biyun garau. Je ka faɗa wa tsinken.

Samfur kuma, wato waɗanda aka ɗebo aka ƙirga... wannan ta riƙe shi da kyau, da shi za ta kama su. Wa ake aunawa? Wanda aka kawo. Wanda uwarsa ta daina zuwa fa? Ɗigonsa na ina, malam mai tabarau? Ta naɗe gefen shafin da kanta, yanzu za ta buɗe musu — ina yake... ba wannan ba ne. Wannan na kuskure ne.

Kuskure. Ta karanta shi shekaranjiya, ta yi tsaki ta wuce. Wai kowane awo da kuskurensa: yaro ya motsa, allura ta yi rawa, ido ya kauce. Amma wai ba komai, don kuskure kamar jefa kwabo ne, yau wannan fuskar gobe waccan. Na sama ya cinye na ƙasa, in aka tara dubu sai su tashi a babu, layin ya fito daidai. Sharaɗi ɗaya ne: kada a samu wanda ke tura shi gefe guda.

Gefe guda...

Ta tuna mai koren gyale, haihuwar fari, tana cire wa ɗanta riga. Uwar miji na tsaye a kanta kamar mai gadi. "Nawa ya yi? Na dai ce nononta ruwa ne." Allura na kan kilo biyar da ɗigo uku. Yarinyar ba sikeli take kallo ba, bakin Anti take kallo.

Biyar da rabi, in ji Anti, haka kuma ta rubuta. Ya ƙaru, Mama, ku bar ta ta huta.

Giram ɗari biyu. Nauyin sabulun wanka! Wa ya mutu don giram ɗari biyu? Garin dai tana ba su ko kati ya ce me, ita idonta take bi, ba takarda ba. Sau ɗaya ne... sau biyu. Matar direba, mai kuka ba sauti. Wadda mijinta ya ce in yaron ya sake ramewa ta tafi gidansu. Daga baya ma hannun ya daina tambayarta, ɗigo uku ya zama biyar, ɗigo takwas ya cika kilo ya haye. Masu ƙiba ba ta taɓa su, me za ta ƙara musu? Ramammun kaɗai. Ta taɓa ragewa? Ko sau ɗaya, a shekara ashirin da biyu, ta taɓa rage wa wani?

Kwabon nata fuska ɗaya gare shi.

To ai laifinsu ne! Wa ya ce su gaskata takarda? Wane irin mai ilimi ne zai ɗauki rubutun mace mai zuciya a ƙirji ya ce jifan kwabo ne? Da ya sauko sau ɗaya ya tsaya bayanta ranar awo... bai sauko ba. Ya yarda da ita, sakaran. Ya ma yabi tsaftar rubutunta.

In ta buɗe baki, rajista ashirin da biyu sun zama takardar ƙunsa kaya, ita ma a nannaɗe ta a ciki. In ta yi shiru, gobe mota ta kwashe buhunan garin, tsinken nan kuma —

Ƙofa ta buɗe. Takalmi mai ƙara.

"Anti, bismillah, ke ake jira."

Ba ta tashi ba. Yatsanta na nan maƙale a shafin da ba shi ta zo nema ba.

Kai kuma da ke taɓe baki daga nesa, ga biro, ga kati, ga mai koren gyale tana kallon bakinka. Da biyar da rabi za ka rubuta, kai ma. In ka isa, ce ƙarya ne.