Talotalon Gidan Auta

Injiniya mutum ne da ke hawa turken lantarki da tsakar rana yana fito abinsa. Wuta ta ja shi sau bakwai, bai fasa sana'ar ba. Amma duk girman jikin nan da gashin bakin nan, da zarar ya hango talotalo sai tsoro ya kama shi.

Shekara hamsin yana ɓoye abin, kuma saura kaɗan ya mutu da sirrinsa, tunda talotalo ba tsuntsun da ake karo da shi kullum ba ne. Sai Auta, 'yarsa, ta haihu a sabon gidan da suka kama haya a saman bene, mai gidan kuwa yana kiwon wani ƙaton talotalo a tsakar gida, daidai bakin matakala. Injiniya ya je sau ɗaya ya leƙa ta ƙofa. Tsuntsun ya baza wutsiya ya yi gulu-gulu-gulu, shi kuwa nan take ya tuna wai ya bar waya tsirara a wurin aiki. Mako uku ke nan bai ga jikansa ba. Auta ta gaji da jin uzuri ta daina kiransa, ta ɗauka fushi yake da ita, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Da abin ya ishe shi, ya kai kukansa gidan Yaya, babbar yayarsa. 'Yarta tana karatun ƙwaƙwalwa a jami'a, dangi kuma sun naɗa mata Dakta tun kafin ta gama.

"Kawu, ka san dalmar da ake narkarwa a liƙa waya?" in ji Dakta.

"Ni za ki tambaya dalma?"

"To haka tsoro yake zaune a ƙwaƙwalwa, a daskare. Idan ka tuno abin da ya tsorata ka, sai ya narke. Daga kamar minti goma zuwa awa shida, duk sabon abin da ya shiga ciki, da shi zai sake daskarewa. Za ka tuna, mu jira kaɗan, sai mu nuna maka talotalon da ba ya yi maka komai."

"An gwada?"

"A kan ɓeraye, sosai."

"A kan mutane fa?"

"Wani lokaci yana yi."

"Wato yau ni ne ɓeran."

Ranar Asabar da safe suka hallara a falon Yaya, ƙarƙashin fankar nan mai kukan ƙwaro da ya gyara sau uku. Yaya ta yi magana da wani mai kiwon kaji zai kawo talotalo ƙarfe goma, ta kafa teburin guga a gefe don kada a yi babu ita. Dakta ta buɗe littafinta ta ce Kawu ya fara.

Ya rufe ido. Yana ɗan shekara biyar, in ji shi, ya fito lungu, talotalon maƙwabta ya biyo shi yana saran wandonsa har ƙofar gida. Kafin ya kai ƙarshe gumi ya jiƙa masa wuya. Dakta ta duba agogo ta ce madalla, ya narke.

Ƙarfe goma ta wuce, sha ɗaya ta wuce, ba mai kaji ba labarinsa. A nan ne sanin sana'a ya kwafsa. Injiniya ya san dalma ba ta jiran kowa: in ta huce kafin a ɗora waya, aiki ya lalace. Don haka ya yanke shawarar zai riƙa maimaita labarin duk rubu'in awa, kada ƙwaƙwalwar ta huce.

"Kawu, sau ɗaya ya isa."

"Ke a littafi kika karanta dalma. Ni ƙona ni ta yi."

A zagaye na biyu talotalon ya kai girman akuya. A na huɗu ya kai maraƙi. A na shida ya fito da haƙora, Injiniya kuwa ya ɗage ƙafafunsa bisa kujera. Dakta ta ajiye biro ta dafe kai, don ta ga dodo kawunta yake ƙerawa da bakinsa, kuma da shi zai koma gida.

"Sai ya kira sunana," in ji Injiniya a na bakwai.

Yaya ta dangwarar da dutsen guga. "Kai, ƙarya ta isa haka! Talotalon nan gurgu ne, kuma gyaɗa yake bi."

"Wace gyaɗa?"

"Ta Inna. Na ɗiba, na ji takunta tana zuwa, na zuba a aljihun wandonka na baya. Aljihun a huje yake. Kana tafe tana zuba, yana tsinta. Ka ruga, ya ruga. Da ta ƙare ya juya abinsa."

Injiniya ya juyo ya dube ta.

"Kuma kika yi shiru shekara hamsin?"

"Da na faɗa, da Inna ta zane ni."

"Shekara ashirin ke nan da rasuwar Inna, Yaya!"

"To sai na ga ka riga ka saba."

Injiniya ya sauke ƙafafunsa, ya zura takalma, ya fice. Dakta ta biyo shi bakin ƙofa tana cewa ba haka tsarin gwajin yake ba, bai ko waiwayo ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma shi in ransa ya ɓaci mutum ɗaya yake kai wa ƙara a duniya. Ya wuce shagon mai walda, ya tsallaka titi, ya ratsa layi uku yana magana shi kaɗai, bai san inda ƙafarsa ta kai shi ba sai da ya tura ƙofar gidan su Auta.

Ga talotalo a bakin matakala, ya baza wutsiya, wuyansa ja wur. Injiniya ya ja da baya taku ɗaya. Sai kuma ya ga tsuntsun ƙasa yake kallo, daidai wajen takalmansa, yana neman abin tsinta.

"Ku ma an yi muku ƙazafi," ya ce masa. "Matsa in wuce."

Ya haura matakala ya ƙwanƙwasa, Auta ce ta buɗe ƙofa, da jariri a kafaɗa.

"Kin san abin da Gwaggonki ta yi mini?" ya fara, yana haki.

Idanunta sun cika da ƙwalla. "Baba, me na yi maka?"

Duk ƙarar da ya ɗauko ta zube. Ya tsaya a bakin ƙofa da gashin bakinsa da komai, kunya ta kama shi.

"Ba ki yi komai ba, Auta. Tsuntsun ƙasan nan nake tsoro."

Ta dube shi, ta leƙa ƙasa, ta sake dubansa. Dariya ta ƙwace mata har sai da ta jingina da bango, hawaye na zuba. Sannan ta miƙa masa jaririn.

"Tallafi kansa, Baba. Da ka faɗa mini tun farko, ai da na sauko na riƙo hannunka."