Likkafanin Inna Baraka

Bayan la'asar Awwalu ya jera finjalan gahawa a kan tabarma, a tsakar gidansu na unguwar Misfala, cikin Makka. Keken ɗinki yake sayarwa, daga Italiya ake kawo masa, kuma bana ciniki ya yi albarka, sai ya ce zai kai iyalinsa can su sha iska kafin zafin Makka ya tsananta.

"Wannan Jidda," in ji shi, ya taɓa na farko. "Nan za mu hau jirgin ruwa. Wannan Nafoli. Daga nan jirgin ƙasa zuwa Roma, sai Milano inda ake ƙera kekunan."

Matarsa Aishatu ta ƙyalƙyale da dariya. "Ka ba Roma finjalin da ya tsage. Haka garin yake?"

"Ke dai haɗa kaya. Har da Inna za a je."

Inna Baraka, mahaifiyarsa, tana gefe tana tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya cak a cikin faifai.

Da ƙafa ta zo daga ƙasar Katsina, Awwalu na goye a bayanta. Mijinta bai iso ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a wani daji na Sudan, aka binne shi da rigar jikinsa, don ko ƙyallen fari ba a samu ba. Tun da ta shigo Makka ba ta taɓa wuce Arfa ba. Burinta guda ne: ta cika a nan, a sallace ta gaban Ka'aba, a kai ta maƙabartar Ma'ala. Yanzu kuwa ga tsufa, ga ƙirjin nan da ke matse ta, za a ɗora ta bisa teku.

To Awwalu ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta dubi idonsa ta ce tana tsoro. Sai ta juya wajen surukarta.

"Tambayi mai gidan naki, a garin tsagaggen finjalin nan akwai masu wankan gawa?"

"Haba Inna!" in ji Awwalu yana murmushi. "Shaƙatawa za mu je, ba jana'iza ba."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Amma daga ranar abinci ya daina shiga. Ko ƙahon mota ta ji a bakin lungu sai ta ɗauka ta Jidda ce ta zo. In ta rufe ido, rami take gani a baƙuwar ƙasa, ba wanda ya san alƙibla.

Ana gab da tafiya ta buɗe akwatinta, ta ciro farin yadin da ta daɗe da tanada. Ta kai shi Harami ta jiƙa da zamzam, ta dawo ta shanya a kan soro, kusa da sabbin rigunan tafiya.

Nan Awwalu ya tarar da shi yana ɗiga. Ya gane likkafaninta ne. Da ya sauko, sai ya durƙusa a bakin ɗakinta, kansa ƙasa.

"Inna, ki yafe mini, ban gane ba. Ki zauna. Ƙanwar Aishatu za ta zo ta riƙa kwana da ke."

Ta sauke ajiyar zuciya, har ta ji yunwa. Amma kafin ta kai loma baki sai ta tuna shi fa tekun zai hau, kuma yanzu ya kai shekarun ubansa lokacin da ya rasu.

Da safe Aishatu na ɗaure kaya, Inna Baraka ta shigo da yadin a ninke, ta cusa shi ƙarƙashin rigunan Awwalu.

"Inna, naki ne fa!"

"Ni a nan ba a rasa fari," in ji ta. "Ki ce masa ya dawo mini da shi yadda na ninke."