Shukar Diddige

Ɗanasabe ya tuntsurar da guga na goma sha huɗu a kan fangalin. Ruwa ya daki ƙasa tim, ya bazu, ya kwanta yana sheƙi. Sai ya tsuguna yana kallo, hannu a haɓa. Yau kwana goma sha biyu da shuka, amma ko tsiro ɗaya bai leƙo ba, ko na ciyawa ma balle na ganyen salati. Fangalin maƙwabta duk sun yi shar, nasa kaɗai ne ya yi sumul kamar daɓen ɗaki.

Abin mamaki ne fa, don Ɗanasabe ba ƙaramin manomi ba ne. A duk ƙauyukan da ke gindin duwatsun Ibohaman, in ana zancen hatsi sai an ambace shi. Shekara arba'in yana fasa fako ya fitar da damma, har mutane suka laƙaba masa Sarkin Noma ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Sai dai garka, noman rani na ban-ruwa, bai taɓa yi ba. A wurinsa aikin mata ne da malaman lakkol, wato makarantar boko, masu ritaya. Bana ne kawai ya karɓi fangali uku a garkar gari, can ƙasan baraj, madatsar ruwan garin, ya tafi kasuwar Keita ya sayo iri a 'yan takardu masu hoto. Ba ya karanta Faransanci, hoton da ya burge shi kawai yake nunawa da yatsa.

Duk wannan saboda Auwalu ne, ɗansa na fari. Tafiyarsa biɗa ta ƙarshe, neman kuɗi a ƙetare, shekara uku cur ya yi a Abijan, sai da damina ta faɗi bana ya dawo. Yanzu an gama kai hatsi rumbu, kuma motar 'yan biɗa za ta tashi daga bakin kasuwa yau ɗin nan, da an sallame azahar, kuma da shi za ta tafi. Ɗanasabe ya san ƙarfinsa ya fara ja baya, idonsa na hagu ya yi hazo. In yaron ya sake yin wata shekara uku, ba shi da tabbas za su ga juna. Tsoro yake ji, tsoro ƙwarai.

To amma yaya uba zai dubi ɗan fari ya ce masa zauna? Ko sunansa ba ya iya kamawa. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa cewa Auwalu ba, sai dai "wancan" ko "yaron ga". Uwar yaron kuwa ta fi shi kunya, in ya shigo ta nan sai ta fita ta can. Don haka sai ya aika taubashiyarsa Asiya, ɗiyar kawunsa, ta gaya wa yaron cewa in garka ta kama akwai aikin rani a gida, ba sai an tsallake ƙasa ba. Amsar da ta dawo da ita gajeriya ce: "Allah shi sa ta kama." Washegari Asiya ta wuce Madawa wajen ɗiyarta da ta haihu, shi kuma ya ɗauki sungumi ya yi shukarsa.

Hantsi ya ɗaga. Ruwan fangalin ya tsaya cik, sararin sama ya faɗo cikinsa, da 'yar gajimare ɗaya da balbela biyu masu wucewa. Ɗanasabe ya zuba ido, ya zuba ido, har ya daina ganin laka. Abin da yake gani kullum in ya tsuguna a nan, shi ya sake zuwar masa. Ga salati ya buɗe kunnuwa, ga karoti da gashinsa mai laushi yana rawa, ga shu, wato kabeji, ya dunƙule. Can a gefe ga wannan abin mai ruwan ɗorawa da ya gani a takarda ta huɗu, wanda bai san sunansa ba, ya cika bakin shinge har hasken ya taɓa dutse. A tsakiya kuma ga mutum ya ba shi baya, wando naɗe zuwa gwiwa, yana tafe a hankali da ruwa a hannu. Ba ya juyowa, amma Ɗanasabe ya san ƙeyar. Har ƙamshin danyen ganye yake ji, har yana jin yadda zai ce wa mutane a masallaci, kamar ba komai ba, "Wancan yana garka."

"Kai, Sarkin Noma! Kihi kake kiwo nan ko mi?"

Ya yi firgigit. Asiya ce tsaye a kansa da kwando a ka, jiya da yamma ta dawo. Tsohuwa ce 'yar firit mai bakin tsiya, shekara ashirin tana garka, kuma a duniya ita kaɗai ke iya gaya masa abin da ta ga dama ta kwana lafiya.

"Ke dai ba ki iya gaisuwa ba," in ji shi. "Yaya mai jego?"

"Tana lahiya, jinjiri na lahiya. Kai ne ban gani lahiya ba. Mi ka shuka nan?"

"Salati. Da karoti, da shu."

"Yaushe?"

"Kwana goma sha biyu."

Ta sauke kwandon. "Salati kwana biyar yake hitowa, ko a garkar makaho. Nuna mini yadda ka shuka."

Ya miƙe da ƙarfin gwiwa, don in dai shuka ce ba a koya masa. Ya kwatanta saran sungumi, ya kwatanta zuba iri da yatsa uku, sannan ya tura ƙasa da gefen ƙafa ya danna da diddige, ya murza. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, kuma ba wanda ya kwana da yunwa.

Asiya ta dafe kai. "La ilaha! Da diddige? Ɗanasabe, shuka ka yi ko jana'iza?"

Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta zauna a ƙasa. Matan da ke ban-ruwa a can gefe suka sunkuyar da kai, kowace ta shiga cire ciyawar da babu. Ashe duk sun gani tun ranar farko. Wa zai tari Sarkin Noma ya ce ba haka ake shuka ba?

Da ta gama dariyarta sai ta matsa inda ruwan bai kai ba. Ƙasar wurin ta bushe ta yi ɓawo mai tauri. Ta ɓamɓare shi da tsinke, ta yi ta tono a hankali har yatsanta ya nutse duka, sannan ta ɗebo wani abu a tafin hannu ta miƙa masa.

"Duba da idonka mai kyau."

Wani ɗan zare ne fari, siriri, ya lanƙwashe, kansa ya yi baƙi. Ta ce ai ya tsiro. Ya taso yana neman rana, ya yi iyakar ƙarfinsa, hanya ta yi masa nisa, sama kuma an rufe da laka. Hatsi, in ji ta, namiji ne, ko ka binne shi zai fasa ya fito. Amma irin salati bai kai ƙwayar yashi biyu ba, guzurinsa kaɗan ne. Sannan ga guga da yake kwara masa kullum da rana tsaka, ruwa ya daddaɓe ƙasa, rana ta gasa ta.

Ɗanasabe ya daɗe yana kallon zaren nan. Ashe duk kwanakin da yake tsugune yana mafarki, su suna nan ƙasa suna fama, shi kuma yana ƙara musu nauyi da hannunsa. Ba kunyar matan ce ta dame shi ba. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ga ta kusa tsakiya.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Ba ta kama ba."

Asiya ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga sallama daga ƙofar shinge. Auwalu ne, dogo kamar ubansa, da jaka a kafaɗa. Ya zo ban kwana. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya gaida Asiya, ya gaida uban yana kallon ƙasa. Uban ya amsa yana kallon dutse.

"Gogo," in ji Auwalu, "ki ce ma Baba zan tahi. Shi yi mini addu'a."

"Ga shi nan gabanka, kurma ne?" Ta harari ɗaya ta harari ɗaya. "Kai, ku dai kun ishe ni. Kunyar gona ruwa take tarewa, taku kuwa magana take tarewa. Ɗanasabe, akwai sauran iri?"

Ya laluba aljihu ya fito da takardun nan huɗu, duk sun yamutse, ya miƙa mata. Sai ta salati ta suɓuce ta faɗi, iri ya zube. Kafin kowa ya motsa Auwalu ya kai hannu. Ya lashi kan yatsa, ya riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a tafi, sannan ya ɗebi busasshen yashi ya cuɗa su a ciki, ya murza a hankali da babban yatsa. Bai ma san yana yi ba.

Asiya ta ƙura masa ido. "Wa ya koya maka gauraya iri da yashi?"

Ya ci gaba da murza yashin.

"Da kai nake, ɗan nan."

"Don kar su taru wuri guda in an watsa," ya ce. Sai ya hango takarda ta huɗu a hannun Asiya, ya ga hoton mai ruwan ɗorawa, fuskarsa ta saki. "Wanga hure ne, Gogo. Ba a cin shi. Amma in an sa shi gefen tumatir, ƙwari ba su son warinsa. Shina son rana sosai, ba shi son ruwa da yawa. In ya buɗe da sahe..." Ya tsaya.

"Ai cewa aka yi butiki kake tsaro a Abijan."

Auwalu ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Ya ce ba shago yake tsaro ba. Gidan wata likita ne mai babban fili, shekara uku yana yi mata ban-ruwa, yana renon fure da salati da ciyawar ado. Ya ce ya rasa bakin da zai faɗa a gida, a ce ɗan Sarkin Noma ya ƙetare ƙasa biyu don ya shayar da abin da ba a ci.

"To ranar da tsohon ga yake binne iri da diddige, kana ina?"

"Ina bakin shinge, Gogo."

"Ka gani?"

"Na gani."

"Ka yi shiru?"

"In ce mishi mi? In ce Baba bai iya shuka ba?"

Asiya ta tafa hannu ta kama haɓa. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Ɗanasabe dai yana kallon dutse, amma ba ya ganinsa. Wani gida yake gani da bai taɓa zuwa ba, a garin da bai taɓa takawa ba, da ɗansa shi kaɗai a tsakiyar furannin mutane da sassafe, shekara uku, ba mai ce masa sannu da harshen gida. Tausayi ya kama shi, da wani daɗi kuma da bai san inda zai ajiye shi ba. Ya gyara murya.

"Asiya. Tambayi wancan, in da shi ne, yaya zai yi?"

Auwalu bai jira ta maimaita ba. Ya matso bakin fangalin, ya ɗebi ƙasa ya matse a hannu, ya buɗe. Ta fito dunƙule, da shatar yatsunsa a jiki.

"Ki ce mishi laka ta yi yawa. Sai an farfasa ta, a sa yashi, a sa taki wanda ya kwana biyu, ba danye ba, danye ƙonewa yake sawa. A baje da hannu. Iri a bisa ake watsa shi, a yayyafa ƙasa kaɗan, kamar yadda ake barbaɗa gishiri. A ruhe da ciyawa busassa don rana, in ya hito a ɗage. Ruwa kuma da arozuwar, mai 'yan hudoji, sahe da marece. Guga kashe su yake."

Yana magana muryarsa na sauyawa, ta zama ta mutumin da ya san abin da yake faɗa. Uban bai taɓa jin wannan muryar ba. Ya kasa kunne kamar mai sauraren wa'azi.

Can daga wajen kasuwa aka ji odar mota, doguwa, sau biyu. Direba na kiran mutanensa su zo a ɗaure kaya kafin salla. Matan garka suka fara haɗa bokitai. Inuwar shinge ta tsuke ta koma gindinsa.

Ɗanasabe ya dubi fangalin. Garka ba ta kama ba, kuma magana magana ce, ba zai riƙe yaro da abin da babu ba.

"Ce mishi na ji, na gode. Ce mishi ya watsa mini fangali ɗaya yanzu in gani da idona, sannan ya tahi kar mota ta bar shi. Allah shi kiyaye hanya, Allah shi yi mishi albarka."

Ya faɗa ya gama, amma ƙarshen maganar da ƙyar ya fita.

Auwalu ya dubi irin da ke tafinsa. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ta tsaya ƙiri a tsakiyar ka. Odar motar ta sake tashi.

"Ba a shuka salati da rana tsaka, Baba," ya ce, kuma ba Asiya yake kallo ba. "Ƙasa ta yi zahi. Sai bayan la'asar, in ta yi sanyi."

Asiya ta ɗauki kwandonta ta aza a ka, ta bi bayan matan ba tare da ta ce uffan ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Ɗanasabe ya tsaya da guga a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Sai ya kife gugan a bakin rijiya, ya share hannu a riga.

"To," ya ce. "Sai bayan la'asar ɗin."