Hannuna a Kwamfutar Kamilu

Shekara ashirin da shida ina rubuta allunan shaguna a Bodinga da buroshi da fenti. Duk wanda ya ga wutsiyar da nake ja wa harafi ya san aikin Ummaru ne.

Sai ga Kamilu, mai shagon buga banar talla da kwamfuta a bakin tasha, ya bi gari yana ɗaukar hotunan allunana da waya. Na zaci sha'awa ce, har gyara masa tsayuwa nake yi. Ashe yanka haruffan yake ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a kwamfuta. Bayan wata biyu katin biki, takardar buhun gero, banar masu tela, duk da hannuna suke fitowa, kuma a ƙasa an sa "Rubutun Kamilu". Yana faɗa wa mutane wai da hannunsa ya zana. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ƙudura sai na rama.

Damar ta zo daga Shagari. Alhaji Idi, shugaban manoman albasa, ya gina ɗakin ajiya, yana son a rubuta sunan ƙungiya a jikin bango ranar buɗewa, a gaban jama'a, yadda suka saba. Banar talla ba ta jure rana. Da ya neme ni, na ce, "Ranka shi daɗe, ni na tsuhwa. Ga Kamilu nan, ai shi ag gwani yanzu."

Kamilu ya amsa da fara'a, yana zaton bugowa zai yi. Ya iso ranar da babbar riga, sai aka miƙa masa gwangwanin fenti da buroshi. Ni ina gefe a kan benci, ina cin gyaɗa.

Ya tsoma buroshin har wuya. Harafin farko ya fito a karkace kamar ƙafar kaza, fenti na zuba har ƙasa. Can baya wani ya tuntsire da dariya.

Alhaji Idi ya ce, "Yaro, mi ka faruwa? Ba kai ka rubutun nan da muka gani ba?"

Kamilu ya juyo yana zufa. "Kawu Ummaru, taimaka mini."

Na ce, "Hwaɗa musu hannun wa kaɗ ɗauka."

Ya faɗa a hankali. Na ce kunnena ya yi nauyi. Ya maimaita da ƙarfi, har masu awon albasa suka ɗago kai.

Sannan na tashi, na karɓi buroshin, na matsa gefe na rubuta sunan ƙungiyar tsaf. Alhaji ya ce in shafe ɓarnar Kamilu da farin fenti. Na ce ban zo da fari ba, alhali gwangwani guda na cikin jakata.

Bangon yana bakin hanyar Sakkwato. Duk ranar da Kamilu zai kai aiki Shagari, ta nan motarsa take bi.