Motar Alƙasim Mai Gado

Alƙasim taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. Gidajenmu a Madawa katanga ɗaya ce ta raba su. Ni Iliyasu albasa nake sayarwa. Shi kuwa direba ne kuma makanike, kafin tsufa ya sauko da shi ya koma tsaron injin niƙa a bakin kasuwa.

A tsakar gidansa akwai wata tsohuwar mota da muke kira Rumbu. Wani Bature masanin itatuwa ne ya zo da ita zamanin da aka soma aikin farfaɗo da ƙasa a Keita, Alƙasim yana tuƙa shi, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. A cikinta akwai gado sosai, har da wurin ɗora tukunya. Injinta a baya yake, ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi. Shekara bakwai tana ɗore a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. Na sha ce masa ya sayar wa masu tsohon ƙarfe ya huta, ya ce ni za a fara sayarwa.

Matarsa Mairamu ta yi wata takwas kwance. Ɓarin jikinta na dama ne ya shanye, harshenta ya yi nauyi, kuma ba ta iya zama ya wuce na shan kofin shayi sai bayanta ya ɗauki ciwo. Tun ranar da ta faɗi ta kafa sharaɗi ɗaya: kada a gaya wa yayarta Zahra da ke Ibohamane. Zahra ce ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ga shi ta tsufa, ga ciwon zuciya. Mairamu ta ce labarin zai kashe ta. In Zahra ta kira waya sai a ce tana wanka, ko ta shiga maƙwabta, ko rezo ne, wato layin waya, ba kyau. Mu duka muka taya ta wannan ƙaryar, muna ganin tausayi ne.

Sai ga shi cikin bazara Mahfuzu, ɗan Zahra, ya aiko da saƙon murya. Ya ce tsohuwa ta kwanta, ba ta cin abinci, ga ta nan tana son magana. Muryar ta fito can ƙasa-ƙasa:

"Ku hwaɗa ma Auta, in wani laihi niy yi mata, ta yahe mini. Zumunta ga ƙahwa take, tawa kau ta ƙare."

Ina nan tsaye aka kunna wa Mairamu. Ban taɓa ganin kuka irin wannan ba, rabin fuska na yi, rabi na tsaye. Na ce a kira yanzu a faɗi gaskiya kowa ya huta. Ta girgiza kai. Da ƙyar ta haɗa magana cewa wata takwas na ƙarya ba a wanke su ta waya, kuma in Yaya ta ji wannan murya tata ba tare da ta gan ta ba, za ta ɗauka abin ya fi haka. Ita dai a kai ta.

To da me? Kabu-kabu ba zance ba ne. Taksin Bouza mutum mai lafiya ma sai ya sauka yana tattara ƙasusuwansa. An taɓa kwantar da ita a bayan ƙaramar mota zuwa likita, ƙafafu a naɗe, ta yi kwana uku tana jinyar tafiyar. Alƙasim ya miƙe. Ya je ya buɗe ƙofar Rumbu, ya kori kajin, ya auna gadon da kamun hannu, ya dawo ya auna na ɗakinta. Washegari bayan sallar asuba ya leƙo ta katanga ya ce in zo, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na ce ai ni ban san komai a mota ba sai hawa. Ya ce dama jaki yake nema.

Mun shimfiɗa tabarma a bayan motar. Duk abin da ya kwance sai ya jera shi a kai daga hagu zuwa dama, ya ce wanda ya taɓa masa jeri sun ɓata har lahira. Man da ya fito daga injin baƙi ne ƙirin, yana tsiyaya kamar kunun da ya kwana. Zanzaro sun cika kowane lungu da ginin laka, ɓeraye sun yi sheƙa cikin fankar da ke hura iska. Yini guda muka yi muna ƙwaƙule gidajen zanzaro da tsinken tsintsiya. Karbirato kuwa, mai haɗa mai da iska, ya jiƙa shi cikin kwanon esansi, wato fetur, ya riƙa ɗaukar ƙananan ramukansa yana hurawa da baki yana ɗagawa sama ya ga ko haske na wucewa. Da ya zo daidaita bawul, tsohuwar reza ya zaro daga hularsa ya riƙa zurawa a tsakani, ya ce hannunsa ya fi kowane ma'auni.

Mairamu ta sa aka fito da gadonta ƙarƙashin rumfa, inda take ganinmu. Lokaci lokaci sai ya wanke hannu da toka, ya je ya juya ta ɗaya gefen, ya ba ta ruwa, ya dawo. Ba ya kiran sunanta, Innar Mansura yake ce mata, ita kuma Malam. A shekara arba'in da na san su ban taɓa jin sun yi wata doguwar hira ba, har nakan yi masa tsiya cewa ya fi hira da mota.

Rana ta uku ya aike ni kasuwa na sayo buji huɗu sababbi, waɗannan da ke ba injin wuta. A ƙofar gida ɗaya ta suɓuce mini ta faɗi a kan dutse. Na ɗauka na duba, ban ga tsaga ba, na goge da riga na mayar cikin kwali. Ban faɗa masa ba, don na san bakinsa. Kowace rana kuwa Mahfuzu na kira, yana cewa jiya tsohuwa ta sha kunu kaɗan, yau ta ƙi.

Rana ta huɗu da hantsi muka ɗora batiri, ya zuba esansi kaɗan a bakin karbirato, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, ta yi atishawa, ta tofar da hayaƙi har kaji suka haye katanga, sannan ta kama. Ni har rawa na taka. Alƙasim ya fito yana share ido da bayan hannu yana cewa hayaƙi ne, ya ce gobe da sassafe sai hanya.

Sai muka ji ana buga kwano. Mairamu ce, da cokali a hannun hagu. Muka je muka duƙa kusa da ita. Ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin ta fitar da ita:

"Malam, ɗingishi takai."

Ya ce ai shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce, za ta ware a hanya. Ta sake girgiza kai. Ya koma ya ɗora tafin hannu a jikin motar, ya daɗe tsaye, na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce gaskiyarta, akwai silinda ɗaya cikin huɗun da ba ta aiki, kuma da ƙafa uku Rumbu ba za ta hau tudun Bouza ba. Na ce to ya nemo wacce ce mana. Ya ce yadda ake yi, ana zare wayar buji ɗaya bayan ɗaya injin na tafiya, wadda aka zare murya ba ta sauya ba ita ce matacciya. Ya zare ta farko ya karkata kai, ya mayar. Ya zare ta biyu, ya mayar. Ya tsaya da waya a hannu yana kallon ƙasa.

Kowa a unguwa ya san injin niƙa ya cinye kunnen Alƙasim, shi kaɗai ne bai yarda ba. In ka yi masa magana bai ji ba sai ya ce kai ne kake magana ciki-ciki. Ranar nan, a gabana, ni da na fi kowa yi masa dariya, ya taka har bakin gadonta ya durƙusa.

"Innar Mansura, kunnena ya tahi. Ara mini naki."

Ban yi tsiya ba. Tausayinsa ne ya kama ni.

Muka ɗauki gadon muka matso da shi kusa da injin. Ta rufe ido, ta ɗaga hannun hagu. Ya zare ta farko, hannun ya sauka. Ya mayar, ya tashi. Ta biyu ma haka. Da ya zare ta uku, hannun ya tsaya cak a sama. Ya kashe mota ya kwance bujin, sai ga bakinta a manne, ba inda wuta za ta yi tsalle. Ya juyo ya dube ni. Na ce wallahi dutsen ne ya taso ya same ta. Ya buɗe bakin da rezarsa ya ɗaura, bai ko zage ni ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Bai tsaya nan ba. Ya riƙa murɗa wani ɗan ƙusa a jikin karbirato a hankali, idonsa a kan hannunta, tana yi masa alama ƙara, ƙara, koma baya kaɗan. Can ta buɗe ido ta ce yawwa, ita ce. Na tambaye ta inda ta koyi kanikanci. Ta ce shekara ashirin, in yana dawowa daga daji, tun motar na kan gudron, wato kwalta, take gane ƙararta cikin dukan motoci, ta ɗora ruwan tuwo. Alƙasim ya ce shi bai taɓa sani ba, ya ɗauka sa'a ce ke sa kullum ya tarar da tuwo da zafi.

Da gari ya waye muka ɗaura tayoyin da ya aro, muka shimfiɗa katifa biyu, muka kwantar da ita, 'yarsu Mansura ta zauna kusa da kanta. A hankali ya riƙa tuƙi, duk rami sai ya kewaye shi ko ya shiga kamar mai neman izini. Tudun Bouza ta hau shi tana nishi amma ba ta tsaya ba. Bayan Keita Mansura ta ɗaga wa Mairamu labule ta ga itatuwa a kan tsaunin da ta ɗauki dutse a kai tana budurwa, zamanin aikin farfaɗo da ƙasa. Ba ta ce a tsaya ba, ta ce a yi sauri.

Mun shiga Ibohamane bayan azahar. Mahfuzu ya tarye mu a ƙofa, ya leƙa cikin motar, ya ga halin da ƙanwar mahaifiyarsa ke ciki, ya kama baki. Ya ce tun da aka ce wa tsohuwa ga mu nan tafe ta juya fuska bango, ta ce wadda ta yi wata takwas tana wanka ta shigo da ƙafarta ta same ta. Ya tambaya ko ya shiga ya yi mata bayani. Mairamu ta ce a'a.

Mu huɗu muka ɗauke ta cikin bargo, kowa da kusurwa ɗaya. Ɗakin ƙarami ne, da ƙyar muka juya. Zahra na kwance a kan gadon kara, ta rame har ban gane ta ba, bayanta ne a wajenmu. Muka yi sallama ta amsa ba ta juyo ba. Muka sauke bargon a ƙasa dab da gadon.

"Yaya," in ji Mairamu.

Kalmar ta fito a karkace. Tsohuwa ta juyo a hankali. Ta dubi bakin da ya karkace, ta dubi hannun da ke kwance a kan ƙirji kamar ba nata ba, ta ɗago ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, mu maƙaryata. Ni dai ƙasa na duba. Ta miƙo hannu ta kama mataccen hannun, ta riƙa murza yatsun.

"Tun yaushe?"

"Wata takwas. Tsoro nij ji miki, Yaya."

"Ni kau ina nan ina bincike cikin raina, mi niy yi ma yarinyag ga." Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. "Ni da niw wanke miki kashi, ni za ki ɓoye ma ciwo?"

Matar da Mahfuzu ya ce kwana goma ba ta iya ɗaga jikinta ta dafa gwiwar hannu, ta ja jikinta can jikin bango, ta bar rabin gado. Ta ce mu ɗora mata ƙanwarta nan, mu kuma mu fita mu ba su wuri.